Cigiyar Tayyib Mahauci

Tayyib mahauci ya tura wa Musbahu, mai ba da hayar mota ta WhatsApp, kafin alƙalami don kai iyalinsa yawon Sallah. 'Yan bindiga suka tare hanyar Batsari, aka fasa tafiya. Da ya nemi kuɗinsa, Musbahu ya toshe lambarsa.

Ranar Juma'a ya hau babur zuwa Safana, garin su Musbahu, ransa a ɓace. Ana sallamewa ya durƙusa gaban ladan.

"Baba, cigiya na kawo. Kuɗina sun ɓata a hannun wani Musbahu mai mota."

Ladan ya ɗago kai ya dube shi.

"Ni na haife shi," in ji tsohon. Sannan ya kunna lasifika, ya fara cigiyar.