Inda Diddige Ya Taka

…a'a, ba tsakuwa ba ce. Da tsakuwa ce ta maƙale da tuni ta fice. Wannan ƙarar tare take tafiya da juyin wili, kowane zagaye sau ɗaya, ƙas… ƙas… ƙas, daga ƙafar baya take tasowa, ta bi sirdi ta hau gadon bayansa har ƙeya. Halliru ya ƙara sunkuyawa yana danna feda, wai shi a dole bai ji komai ba. Wa yake yaudara? Tun da suka zagaya durom ɗin da aka kafa a Darki suka juyo da kawunan kekuna zuwa Wudil yake jin ta.

Na uku yake. Labaran a gaba, Isyaku na bin sa, sai shi. Uku kuma za a ɗauka, uku kacal, su ne za su sa rigar jihar Kano a gasar ƙasa. Wanda ya zo na huɗu a bakin gada, shi da wanda ya kwana a gida duk ɗaya. Shekararsa talatin da biyu, gwiwar hagu ta fara yi masa tsegumi da safe… baɗi? Wace baɗi? Malam Haladu mai horar da su bai ɓoye masa ba: bana ce ko babu.

Ƙas.

Kayan banza! Kayan banza masu tsada! Da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka sauka kowane malamin makaranta a Wudil babur ya saya, har hedimasta mai tsoron tsallaka kwata. Shi kuwa gwanin wayo sai ya shiga Kano ya dawo da wili biyu na alminiyam, marasa nauyi, da ɗan yatsa ɗaya kake ɗaga su. An yi masa dariya a ofishin malamai har da riƙe ciki. Bai damu ba. Ranar da ya fara hawa ji ya yi kamar an kwance masa dutsen niƙa daga ƙugu… to, yau ga dutsen ya dawo, a ƙirji.

Tayar ma haka. Siririya, kaurin babban yatsa, an ɗinke ta da tiyub ɗin a ciki, sai an shafa gam an manne ta a jikin wili. Tsidau guda ɗaya ya ishe ta. Sau uku cikin mako biyu! Kuma ba facin kirki ake yi mata ba, sai ka zauna ka farke ɗinki, ka liƙe, ka sake ɗinkewa da zare da allura, Saudatu na tsaye a kansa tana cewa ashe tela ta aura ba ta sani ba. Wanda ya ƙera wannan abin ya taɓa ganin tsidau kuwa? Ya taɓa taka kwalta a bazara, lokacin da take narkewa tana kama takalmi? Tsohon kekensa Rali na can jingine a zaure, shekara tara, ya ɗauki buhun gero, ya ɗauki ragon layya ɗaure a kariya, bai taɓa cewa uffan ba. Ƙarfe in ya gaji lanƙwasa yake yi ya nuna maka. Wannan kuwa shiru yake yi maka, yana ƙyalli, sai ranar da…

A'a. Kada ya ɗora wa wili. Ai ya san abin da ya faru. Yana wurin. A tsugune.

Shekaranjiya Alhamis, motar siminti ta matse shi ya sauka daga kwalta, wilin baya ya ɗan karkace. Kaɗan ne, kaurin tsinken tsintsiya. Malam Haladu ya juya shi a hannu ya ce: kawo shi Kano gobe, akwai abin da muke ɗora shi a kai, a hankali ake bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Kada ka bari kowa ya taka shi. Ka ji ko? Wannan ba ya ɗaukar taki, tsagewa yake ta ciki. Ya ji. Wallahi ya ji, har ya maimaita.

To me ya kai shi rumfar Baba?

Saudatu. Tana zuba masa koko, ba ta ko dube shi ba — Baba ya ce a gaishe ka, wai ko hanyar rumfarsa ce ta ɓace maka tun da ka yi kayan Turai. Shi ke nan abin da ta ce. Mahaifinta, Malam Gidaɗo, mai gyaran keke a Sabon Garin Wudil tun kafin Halliru ya san hagu da dama. Sunan da bakin Halliru bai taɓa furtawa ba, ba kuma zai furta ba. Shi ya ɗaura wayoyin tsohon Ralin nan da hannunsa. Shi ya ba shi 'yarsa bai tsananta masa ba. Sai Halliru ya ce bari in an sauko daga Juma'a ya biya ya gaishe shi, daga nan ya wuce tasha ya hau motar Kano. Gaisuwa kawai. Da wilin a hannu! Wane irin mutum ne zai shiga rumfar mai gyaran keke da karkataccen wili a hammata ya ce gaisuwa ya zo?

Ƙas… ƙas… yanzu har da goga. Wilin ya fara shafar robar birki. Ya miƙa hannu baya ya saki birkin gaba ɗaya. Babu birkin baya ke nan. To, da ma wa ya zo nan don ya tsaya?

Isyaku ya waiwayo. Ya ji shi ma? Ya ji mana, ga shi ya ɗan matsa gefe, kada a faɗi da shi.

Rumfar babu kowa, abin da ya fara gani ke nan. Ranar kasuwa guda, Juma'ar Wudil, garin ya cika ya batse da fatake da shanu, amma ƙusoshin da ake rataye kekuna duk wayam. Kowa ya koma babur, masu gyaran babur a tsallaken titi ko wurin tsayawa babu. Baba na zaune da tsofaffinsa uku a kan benci, yana goge sufanar da ba ta yi datti ba. Da ya hango shi — fuskar nan! Yadda ta washe! Halliru ya tuɓe takalmi, ya tsuguna daga nesa, an gaisa, an tambayi iyali, an tambayi makaranta, an tambayi zafi… idon tsohon kuwa na kan wili. Sai ya miƙo hannu. Hannu kawai.

Ya za ka yi da hannun suruki in ya miƙo?

Baba ya juya wilin a kan yatsa, ya kanne ido ɗaya. Ya zaro guntun alli daga bayan kunne ya ja layi daidai inda ya karkace. Gwani ne, wannan ba a ja: ko ma'auni bai fi idonsa ba. Ya ce wa tsofaffin su matso su ga aikin Turawa ya zo neman magani a Sabon Gari. Suka yi dariya. Ya jawo bulo biyu ya ɗora wilin a kai, layin alli a tsakiya. Ya zare takalminsa na dama…

A nan ne. A nan ne ya kamata. Baba, kada a taka. Kalma nawa ce? Har ya buɗe baki zai faɗa. Amma a gaban abokansa? Mutumin da ya shekara arba'in yana miƙe wili da diddigen nan, yaron da ya ba wa 'ya ya buɗe baki ya koya masa sana'arsa? Gobe a ce mijin Saudatu ya yi boko ya fi ƙarfin surukinsa? Idonsa na ƙasa. Yana kallon wata tururuwa tana jan ƙwayar dawa. Ya ji bisimilla. Ya ji nauyin mutum ya sauka. Ya ji wata 'yar ƙara, ƙaramar gaske, irin ta karan dawa in an taka shi — tsofaffin ba su ji ba, suna ta surutu. Shi ya ji.

Madalla, ya ce. Allah ya ƙara girma. Da bakinsa!

Sannan aka bi wayoyin aka ɗaure su tam, yadda ake yi wa keken dako, har Baba na ɗana su da farce suna amsawa, yana cewa ku ji, ku ji yadda suke waƙa. Ganga in ta cika zaƙi… kai, bari. Wilin kuwa ya miƙe sak, wannan gaskiya ce. Ya miƙe kamar ba a taɓa yi masa komai ba. Abin da ya sa ya ce wa ransa ƙila kunnensa ne. Bai je Kano ba. Ya je ya ce me? A duba aikin surukina?

Ƙafafu, ku yi aiki. Gonaki na wucewa, busassu, an share ana jiran ruwa. Gumi na shiga ido. Wa ke nan a baya? Numfashi… Bilya ne, ɗan shekara ashirin, huhu kamar zugazugi. Ɗazu ko ƙurarsu ba ya hangowa. Shi ne ya rage gudu ke nan bai sani ba, tsoro ya shiga ƙafarsa yana taka feda kamar mai taka ƙwai.

Da safe ma an ba shi ƙofa, ya ƙi fita. Malam Haladu na da wili na ajiya a bayan mota, tsoho amma lafiyayye. Halliru ya kai hannu zai kwance nasa — sai ga Baba. Da farar riga ta zuwa ɗaurin aure, da hula sabuwa, ya rufe rumfa ya tako har bakin gada tun hantsi bai yi ba. Ya durƙusa ya juya wilin, ya dubi mutane: aikina ne wannan. Bai taɓa zuwa kallon tsere ba, cewa yake wasan yara ne. Yau ya zo. Malam Haladu ya dubi layin allin, ya dubi Halliru, ya gane. An taka? Idonsa ne ya tambaya. Halliru ya kau da kai yana gyara igiyar takalmi.

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shi ya ɓoye nasa jiya, ya ɓoye yau, ga shi tsirara a tsakiyar titi.

Ƙas-ƙas, ƙas-ƙas. Ta zama biyu. Sirdin na rawa a ƙarƙashinsa, bayan keken na kaɗa wutsiya. Rufin kwanon Sabon Gari ya fara walƙiya. Ya Allah, mil ɗaya. Mil ɗaya kawai ka riƙe mini shi, in ya so ya watse a bakin gada, ya zama gare-garen yara, ban damu ba… Wa zai faɗa wa Saudatu? Me za a faɗa mata? Ubanki ne? Ko mijinki ne, da ya ga rami ya rufe ido don kunya?

Mutane gefe da gefe. Ihu. Labaran ya tashi tsaye a kan feda, Isyaku ya tashi. Haka ake ƙarasa tsere, a tsaye, kana jefa keken hagu da dama da dukkan nauyinka. Tayar Bilya ta kawo daidai gwiwarsa. In ya zauna, Bilya ya wuce, na huɗu. In ya tashi, duk nauyin nan a kan layin alli zai sauka… Ga tutar can. Ga farar riga can a gaban jama'a, hannu sama.

Ya tashi.

Ɗaya. Biyu. Ya wuce Bilya da rabin taya — uku — ashe zai riƙe, ashe kunnensa ne, Baba ya fi su sani, abin da babba ya hango — huɗu —

Sama. Kwalta. Sama kuma.

…zafi. Ba a jiki ba tukuna, a kunci, kwaltar ce ke ƙona shi. Kekuna na wucewa, shuu, shuu, ya daina ƙirgawa a na shida. Can gaba ana tafi, ana kiran sunan wani. Kafaɗarsa ba ta inda ya bar ta. Ya ja jiki ya zauna. Keken na kwance, wilin baya ya naɗe kamar an murɗe faifai, tayar ta sulluɓe tana reto, wayoyi sun yi cirko-cirko.

Wa ke gudu haka? Tsoho ne. Farar riga, hula ta faɗi bai tsaya ɗauka ba. Duk Wudil wa ya taɓa ganin Baba da gudu?

Ya iso yana haki. Ya dafa kansa, ya shafa kafaɗar, sannu, sannu, Allah ya tsare gaba. Sannan idonsa ya sauka kan wilin. Kada ka duba, Baba. Don Allah kada… Ya tsuguna. Babban yatsansa na bin bakin wilin a hankali, yadda ya yi jiya, yana bi, yana bi, ya tsaya. Inda ya rabe biyu. Rabin layin alli a wannan ɓari, rabi a wancan. Ga tsofaffinsa uku sun iso suna leƙe ta kafaɗarsa, ga Malam Haladu, ga rabin kasuwa.

"Rami ka faɗa, ko?" Baba ne, amma muryar kamar ba tasa ba.

Rami. Kwaltar da aka shimfiɗa bara, sumul, ko tsaga babu. Baba ma ya gani. Yatsan bai bar kan allin ba. Jiya mutum uku ne za su ji, a cikin rumfa, a yi dariya a wuce. Uku kacal. Ya rufa masa asiri a gaban mutum uku don ya kawo shi nan…

E, Baba, rami ne — ga ta a bakinsa, a shirye, mai sauƙi, irin ta jiya. Idonsa na ƙasa. Jini na ɗiga daga haɓarsa kan kwalta, ɗis, ɗis. Tsohon na jira. Bai san wacce yake jira ba, ƙaryar ko ɗayar… shi ma bai sani ba… numfashi kawai, bari ya sami numfashi tukuna…