Sitiyarin da Bai Iya Hagu Ba

Ni na fara ganewa. Yanzu kowa a sakateriya sai ya ce ai dama ya sani, amma lokacin da nake faɗa dariya suke yi, wai tsufa ya fara taɓa direba.

Ban taɓa zama a aji ba, in an ce sa hannu sai dai in dangwala yatsa. Amma tun ana yin mota da giya a jikin sitiyari nake tuƙa ciyaman. Na tuƙa Babba, wanda ya fara riƙe ƙaramar hukumar nan. Da ya rasu na tuƙa ƙanensa. Da hawan jini ya kwantar da ƙanen na tuƙa Auta, ɗan Babba. An canja mota, an canja jam'iyya, an canja sakatarori har na daina riƙe fuskokinsu, ni ina nan. Kuma ban taɓa tambayar ko ɗayansu ina muka nufa in an tashi aiki ba. Mu fita get, mu yi dama a shataletale, mu tsaya a gida mai koren ƙyaure, ciyaman ya shiga ya gaida Gwaggo. Gwaggo yayar Babba ce. Ba ta taɓa tsayawa zaɓe ba, ba ta taɓa taka ofishin ba, amma ko mai shara ba a ɗauka sai ta ji sunan ubansa.

Auta ne ya fara lalata abin. Sai mu tsaya a ƙofa ya ƙi fita, yana danna waya, ya ce, “Baba, shiga ka ce ina gaishe ta.” In shiga in faɗa. Gwaggo ta ce, “To, ina amsawa.” Ko kai ba ta ɗagawa.

Ana nan sai wani malamin makaranta ya fito takara, wai shi Sabon Jini. Yana hawa tebur a bakin kasuwa yana cewa ƙaramar hukuma ba gadon gidan kowa ba ce. Na je kallo. Mutane na kallon bakinsa, ni ina kallon lasifikarsa: baki a lotse, ƙafa ɗaure da robar taya. Ɗaurin nan nawa ne, tun zamanin Babba. A siton Gwaggo take zama, kuma ko tsintsiya ba ta fita daga siton nan ba da saninta ba.

Na gaya wa Sakatare. Ya ce, “Haba Baba, lasifika ai duk kamarsu ɗaya.” Na ce shi ke nan.

Aka yi zaɓe, Auta ya sha ƙasa. Kafin a rantsar da sabo an sauke hotunan 'yan gidan Babba daga bango, an jibge su a bayan ɗakin janareta. Sakatare, wanda da ba ya kiran Gwaggo sai da “uwata”, ya daina bin layinta ko a ƙafa. Ranar da Sabon Jini ya kama aiki, Sakatare ya kira ni ofis ya ce za a share mutanen tsohon gida, kuma da ni za a fara.

“Ka kai mai girma gida yau, gobe ka miƙa makulli. Akwai ɗan ƙanwata, ya iya tuƙi.”

Na ce, “Wanda ya hau wa mai girma shinge da motar kwasar shara?”

“Shingen ne ba a gina shi daidai ba.”

Matata ta ce in je in durƙusa wa sabon ciyaman, mu da ba mu da gona ba mu da shago. Na ce gwiwata ba ta lanƙwasuwa, kuma wannan gaskiya ce, likita ma ya faɗa.

Aka tashi aiki. Sabon Jini ya shiga baya da jaridarsa, Sakatare ya zauna gaba kusa da ni yana ta yi masa bayanin yadda shi ma ya sha wahala a hannun mutanen can. Gidan sabon ciyaman hagu yake. Da muka iso shataletale na sa sigina, na yi dama.

Sakatare ya zabura. “Baba! Ina za ka kai mai girma?”

“Gida.”

“Gidansa ai hagu ne!”

“Ranka ya daɗe, sitiyarin nan bai iya hagu ba.”

Ya juya baya yana ba da haƙuri, wai tsufa ne, wai dama ya faɗa. Na duba madubi. Mutumin karatun jarida kawai yake yi. Har yau Sakatare yana yaɗawa wai ya ga hannuna na rawa. Ramukan titi ne. Titin nan tun ƙanen Babba ake cewa za a gyara shi.

Na tsaya a koren ƙyaure, na kashe mota. Can Sabon Jini ya naɗe jarida, ya gyara hula, ya ce, “Sakatare, ku jira ni a mota.” Ya shiga, ko hanya bai tambaya ba.

Muka zauna ni da Sakatare. Ya ce zafi ake yi. Na ce e, ana yi.

Da ciyaman ya fito ya zauna, sai ya ce, “Baba, ta ce ka rage yi mata hon a ƙofa.”

“An gama, ranka ya daɗe.”

“Kuma daga gobe ta lungun baya za mu riƙa shigowa.”

“Motar ba ta shiga lungu, ranka ya daɗe.”

Ya ce, “To ka riƙa ɗaga gilas.”

Washegari ba wanda ya ce in kawo makulli, har yau kuma ba a ce ba. Sakatare da kansa ya je bayan ɗakin janareta yana kaɗe ƙurar hotuna da hularsa.

Akwai matasa har yanzu da suke cewa su suka kawo canji, wai ni ƙarya nake yi. Madalla. Duk mai musu ya zo shataletale in an tashi aiki, ya tsaya a tsakiyar hannun dama, tun da a ganinsa ba nan za mu bi ba. Ina dai gaya masa, birkina ba sabo ba ne.