Rabin da Bai Saba Zuwa Ba

Direban motar kaya ya dire kwalin sabulu a bakin shagon, ya koma ya ɗauko wani. Mai shagon tana tsaye da tsintsiya a hannu, tana kallon kwalayen suna hawa kan juna har suka tare ƙofa.

"Malam direba, tsaya! Duk wannan na waye?"

"Naki mana, Hajiya. Ba ashirin kika ce ba?"

"Na ce ashirin ne don a ba ni goma. Kai ma ka san haka ake yi."

Direban ya yi dariya yana share gumi. "Yau dai an cika miki, kuma kina faɗa? Ɗan Adam ba a iya masa."

Abin ya samo asali ne watannin baya, lokacin da aka buɗe gidan wanki a ƙarshen layin, suka kwashe sabulun shaguna a mako guda. Babban dila ya ga kaya sun yi ƙaranci, ya fara ba kowa rabin abin da ya nema. Sai ita ta ninka odarta. Maƙwabtanta suka ninka tasu. Dilan ya ga oda ta yi tsalle, shi ma ya ninka wa kamfani. Kamfani kuwa ya ɗauka duniya ce ta tashi wanki, ya ƙara injin, ya ɗauki sababbin ma'aikata. Cikinsu har da ƙaninta, Auta, wanda ya yi shekaru yana zaman jiran aiki a gidanta.

"Tun safe mayar min da kaya ake yi," in ji direban. "Sito ya cika har rufi. Ke ma in rabi za ki karɓa, faɗa min in mayar da saura."

Sai ta hango Auta yana tahowa da rigar aikinsa a kafaɗa, ga rana ko tsakiya ba ta kai ba.

"Lafiya ka dawo yanzu?"

"An kashe injinmu, Yaya. Manaja ya ce in kaya suka ci gaba da dawowa, mu sababbi za a fara sallama." Ya yi murmushin da bai kai ciki ba. "Wai mutane sun daina wanki ne?"

"Ina fa. Yadda suke saya jiya haka suke saya yau."

"To ina masu neman kayan nan suka shiga?"

Ta sunkuya ta gyara wani kwali da ba abin da ya same shi. Ba ta taɓa gaya masa yadda take ba da oda ba. Ta kuma san kwali goma ba zai tayar da injin kamfani ba, amma bakinta ya kasa cewa a mayar, ga yaron tsaye yana kallonta.

"Bar su duka," ta ce wa direban.

"Hajiya, ina za ki zuba su? Ko ke ba ki da wurin juyawa a shagon nan."

"Auta, kwashi rabi ka kai ɗakinka. Tunda kai ka yi su, sai ku kwana tare."

Auta ya fashe da dariya, ya ɗora kwali biyu a ka. "Kin gani ko? Da kowa irinki ne, Yaya, da ba mu da matsala." Ya nufi lungun gida, har da ɗan saurinsa.

Direban ya rufe bayan mota, ya zagayo.

"To mako mai zuwa fa, nawa zan ce a sa miki?"

Ta dubi tulin da ya rage a ƙofa. Ko kowa a layin zai wanke har labulensa, ba za ta ga bayan sabulun nan a wata biyu ba. Ta jira sai da Auta ya sha kwana, sannan ta rage murya.

"Ko ɗaya."