Farin Makaronin Husna

Lailatu matata ba ta nan, wayar da ta koyi girkin nan a ciki ma ba ta nan. A mota ɗaya suka tafi, tsakanin Maradun da Kaya, ranar da 'yan bindiga suka tare hanya. Yau kwana goma sha ɗaya.

Ga ni tsugune gaban murhunta da hantsi, ni Sallau mahauci, riƙe da ludayi. Makaroni na tafasa. Gishiri... na sa? Ko jiya ce na sa?

Husna na kwance a ɗaki. Ɗiyata, shekararta biyar. Kwana huɗu ba abin da ya wuce maƙogwaronta sai ruwa. Dada, mahaifiyata, ta tuƙa tuwo, ta dama kunu, maƙwabta sun aiko da shinkafa, duk ta kau da kai. "Farin makaroni na Inna." Shi ke nan abin da take faɗi, muryar kullum sai ƙara sirancewa. Malamar asibiti ta ce in gobe ta yi ba ta ci ba, sai a kwantar da ita. Ni na san nauyin nama, sana'ata ce, ba sai an ɗora bisa sikeli ba. Na ɗauke ta da safe. Ta ragu. Wallahi ta ragu.

Jiya na gwada. Na ce ai nono nono ne, na sayo kindirmo a bakin kasuwar Mafara, na juye a tukunya. Ya tsinke, ruwa gefe, gudaji gefe, tsami ya cika gida. Husna ta sunsuna, ta juya fuska bango. Da Lailatu na nan da ta yi dariya har da riƙe ciki. Baban Husna, madara ake sawa!

To ga madarar. Ta gari, wadda ta bari a gindin gwangwani. Ga cuku uku, 'yan ƙananan nan masu kusurwa uku cikin takarda mai ƙyalli. Ban san shagon da take saye ba. Ban taɓa tambaya ba. In waɗannan suka lalace...

A tsane makaroni. Man shanu ya narke. Fulawa cokali ɗaya — biyu? Ina ganin hannunta, da lalle, yana juyawa, amma ba na ganin ko nawa ta zuba. Rage wuta, ba tsire kake gasawa ba. Yaushe ta faɗa mini haka? Ranar da ta sa ni tura mata itace, ina tsokanarta. Na zare itace biyu. Madara kaɗan-kaɗan. Juya. Kada ka tsaya, haka take cewa, in ka tsaya ya kama.

Babur.

Ƙarar babur a bayan katanga — daga wace hanya? An ce direban bai ko samu juyawa ba. An ce tana gaba, kusa da taga, riƙe da kayan suna na ƙanwarta... Ɗaya ne. Babur ɗaya ne. Su ba sa zuwa ɗaya. Ya wuce.

Hannuna ya tsaya. Tun yaushe? Ƙauri! Innalillahi. Sauke, sauke, juye a wata tukunyar, kada ka kankare ƙasan. Saman fari ne har yanzu. Fari ne, ko? Cuku ya shiga, na ɗaya, na biyu, na uku. Ya narke. Ya yi kauri, yana bin ludayi. Makaroni ya shige ciki. Kama dai ya yi kama.

Bari in ɗanɗana in ji ko ya yi kamar nata.

Kamar nata...

Cokali na bakina, kuma ban sani ba. Ban taɓa ci ba. Sau nawa ta miƙo mini, in ture, in ce abincin marasa haƙori, ba yaji ba nama, a kawo mini tuwo? Ko loma ɗaya. Mutum ɗaya ta rage a duniya da ta san ɗanɗanon abin nan, tana bayan labulen can.

Kwano ya ɗumama mini tafi. Ƙafata ta ƙi ɗagawa daga bakin ƙofa.

Ya Allah, Ka ji ƙan Lailatu, Ka haskaka kabarinta. Ka ɓoye wa yarinyar nan ƙaurin. Ka sa ta buɗe baki, ko cokali ɗaya ne. Don Allah, duk wanda ya ji, ya taya ni da amin.