Jirgin Alhaji Ango

Ilimi ba ya roƙo. Duk al'ummar da ta fifita mai kirari a kan masani ta riga ta haƙa wa kanta kabari, saura a rufe. Malam Haliru ya faɗi haka a ɗakin malamai, ya faɗa a teburin mai shayi, yana kuma sake faɗa a safiyar wannan Asabar, yayin da yake ƙoƙarin jingina wayarsa da kundin digirinsa na biyu don kada ta kife. Kundin mai kauri ne, shafi ɗari uku da sha ɗaya, a kan tarihin gidajen Illo da fataucin bakin kogi. Cikin shekara tara da kammala shi, wannan ne aiki mafi amfani da ya taɓa yi.

Matarsa Sa'adiyya tana tsakar gida tana ɗaure bakin jarkokin man gyaɗa da leda. Da yamma za a ɗora su a motar Alhaji Ango, su kwana a hanya, su wayi gari a Illo, inda matan ƙetaren iyaka ke saye. Shekara sha ɗaya ke nan motar Alhaji na ɗaukar mata kaya ba ko sisi, saboda tare suka yi firamare da matarsa, Hajiya Atika. Ribar man ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ba ta biya na mota, kusan shi ne ribar, kuma shi ke riƙe tukunyar gidan duk watan da albashi ya yi nawa.

"Malam, yau ma za ka hau?"

"Bayan azahar. Lacca ta goma sha bakwai."

"Allah Ya kawo masu kallo."

"Ba yawa nike nema ba. Nagarta."

Ya sami nagartar kuwa. Mutum goma sha huɗu ne ke kallonsa a TikTok idan ya hau kai tsaye, rabinsu ɗalibansa, waɗanda suka lura cewa malamin tarihi yana tuna sunan duk wanda ya gani a ƙasan allo idan lokacin maki ya zo. A makonni goma sha shida, kyautar da ya samu fure uku ne, irin wanda masu kallo ke saye da kuɗi su jefo a allo. Biyu daga ƙanensa na Birnin Kebbi. Na ukun wani ne ya danna bisa kuskure, ya kuma rubuta yana tambayar yadda ake mayarwa.

Abin da Malam bai sani ba shi ne, a daren Alhamis Sa'adiyya ta gaji da ganin yana tura tuwo gefe yana tsaki, ta kira Hajiya Atika. Ta roƙe ta ta sa Alhaji ya leƙa laccar ko na minti biyar, ya jefa ɗan wani abu, ko zuciyar bawan Allah ta yi sanyi.

Abin da ke hana zuciyar sanyi yana zaune a ƙetaren titi, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, a kan farar kujerar roba. Sunansa Zayyanu. Aji ɗaya suka yi da Haliru a sakandare, Haliru na ɗaya, Zayyanu na kusa da ƙofa. Yanzu Zayyanu na da waya uku, da fitila mai zagaye kamar faifai, da jar mota da ya shigo da ita ta Kwatano. Sana'arsa ita ce ya hau kai tsaye ya jira. Duk wanda ya jefo kyauta, sai ya kira sunansa, da na ubansa, da na kakansa, ya bi zuriyar har bakin kogi, da Hausa da Dandanci da ɗan Fulatancin da ya tsinta. 'Yan kasuwar Bagudo da ke zaune a Malanbil da Parakou da Legas sukan rufe shago su zauna jin nasu.

Inda abin ya fi ciwo kuwa, Zayyanu bai san kakan kowa ba sai da ya ari kundin Haliru shekara biyu da suka wuce, ya kai aka yi masa fotokwafi, ya mayar da shi da goro biyu.

Haliru ya fita sayen data, ya so ya bi ta bayan masallaci, amma an riga an gan shi.

"Farfesa! Farfesan Bagudo da kewaye! Taho ka sha inuwa."

"Zayyanu. Ya kasuwa?"

"Kasuwa sai godiya, albarkacin littafinka." Zayyanu ya tura masa kujera da ƙafa. "Na leƙa ka Asabar da ta wuce. Wallahi ilimi kamar ruwan Agusta. Amma Farfesa, gidanka ƙofa ɗaya gare shi. Mai kyauta kamar baƙo ne, in bai ga ƙofa kusa ba sai ya wuce."

"Ban buɗe don kyauta ba."

"To, ko da ba don ita ba. Dubi nan." Ya jera wayoyin a cinyarsa. "Wagga ta fure da zaki ce, masu manhaja su ɗebi nasu su bar maka saura. Wagga lambar asusuna ce, ina liƙe ta bisa allo, mai naira ya turo kai tsaye. Wagga kuma layin ƙetare ne. Mutumin Malanbil ba ruwanai da naira, sefa gare shi. Ya turo ta waya, ranar kasuwa in ƙetara in karɓo. Akwai wata tsohuwa a Bahindi da ba ta iya ko ɗaya, kazar gida take aiko mani a motar haya. Ita ma ƙofa ce."

"Wannan ai roƙo ne da lantarki."

"Awo. Roƙo ne." Zayyanu ya yi dariya har da buga cinya. "Amma bari in gaya maka abu guda, don kai ka koya mani sauran. Mutum ba ya ba ka kuɗi don ka gaya mashi abin da bai sani ba. Yana ba ka don ka faɗi abin da yake so a sani."

Haliru ya miƙe. Yana wucewa ya ga fuskarsa a jikin jar motar, gajeriya mai faɗi, kamar an zauna a kanta. Ya sayi datar ɗari biyar, ya koma gida ta bayan masallaci.

Bayan azahar ya sa farar riga da hula zanna, ya zauna gaban kantar littattafai, ya danna. Mutum tara. Sha ɗaya. Ya fara bayani a kan hanyar gishiri da goro, da yadda fatake ke jiran ruwa ya ja kafin su ƙetare. Sa'adiyya na bakin ƙofa tana tankaɗe, kunnenta na ciki.

Sai lambar da ke saman allo ta fara gudu. Hamsin. Ɗari biyu. Ɗari huɗu da wani abu. Haliru ya gyara hula, muryarsa ta ƙara kauri. Ya ɗauki minti biyu cur yana jin abin da annabawan da aka ƙi ji suke ji ranar da jama'a suka dawo, kafin ya karanta rubutun da ke tahowa a ƙasa.

"Zayyanu ya turo mu."

"Oga Zayyanu ya ce mu gaida malaminsa."

"Wannan ne Farfesan? Ina fitilarsa?"

Wato ko taron ma sadaka ce. Ya ci gaba da gishiri da goro.

A nan ne wani katafaren jirgin ruwa mai walƙiya ya ratsa allon daga hagu zuwa dama, ya rufe fuskar Malam gaba ɗaya. A ƙasansa an rubuta: Alhaji Ango Mai Motoci. Kowa a Bagudo ya san jirgin nan, kyautar TikTok ce mai tsadar gaske. Shi Alhaji ke jefa wa Zayyanu duk Juma'a, Zayyanu kuma ya miƙe tsaye ya kira shi jikan Sarkin Ruwa, wanda kada ke ba hanya, wanda kogi ya san muryar gidansu.

A bakin ƙofa Sa'adiyya ta ajiye rariya, ta ce alhamdulillahi a hankali.

Rubutu ya ɓarke. "Farfesa, kirari!" "A taɓa mana jikan Sarkin Ruwa!" "Yi irin na Zayyanu!" "Ba zai iya ba, ku bar shi."

Wannan na ƙarshen ne ya yi aikin.

"Alhaji, na gode," in ji Haliru. "Ni ba maroƙi ba ne, ba zan biya ka da ƙarya ba. Zan ba ka abin da ya fi kirari tsada." Ya miƙa hannu ya zaro kundin. Wayar ta kife, mutum ɗari biyar suka kalli silin, sannan aka tallafe ta da kofin shayi. "Shafi na ɗari da arba'in da biyu. Hirar da na yi da tsofaffi uku, kowanne dabam. Kakan Alhaji bai taɓa riƙe sarautar ruwa ba. Ɗan ƙwadago ne a jirgin Sarkin Ruwa, ana biyansa da hatsi. Damina biyu ya yi. A ta biyun ya yi gyangyaɗi a kan filafili, ya kifar da jirgi ɗauke da gishirin fatake, gishirin ya narke, aka sallame shi. Daga nan ya koma jaki." Ya ɗago kai, fuskarsa na haske. "Ku duba girman wannan! Daga jaki ɗaya zuwa motoci tara. Wannan shi ne tarihi, ba abin da wasu ke sayar muku ƙarƙashin mangwaro ba."

Wataƙila rabin zuciyarsa ya yarda yabo yake yi. Ɗaya rabin yana ƙetaren titi.

Allon ya cika da fuskoki masu hawayen dariya. "Jikan mai gyangyaɗi!" "Shi ya sa kifin Illo ke da ɗanɗano!" "Alhaji, a biya fatake gishirinsu!" Masu kallo suka haura dubu, suka haura dubu biyu. Furanni suka riƙa zubowa kamar ƙanƙara. Wani a Legas, wanda kowa ya san ba sa ga-maciji da Alhaji, ya nemi lambar asusu, Haliru kuma, wanda ilminsa ba ya roƙo, ya karanto ta sau biyu a hankali. Sunan Alhaji Ango ya ɓace daga jerin masu kallo ba sallama.

Bai gama rufewa ba Zayyanu ya yi sallama a zaure, yana haki, ba ko waya ɗaya a hannunsa.

"Farfesa, mi ka yi haka?"

"Gaskiya na faɗa. Ka ji zafi an taɓa maka kasuwa?"

"Kasuwata? Ni Juma'a in na miƙe na rantse mashi kai mahassada suka saya, jirgi biyu zai jefo." Zayyanu ya share gumi da hula. "Kana tsammanin ban san shafin nan ba? Na karanta shi tun kafin in saya fitila. Tsallake shi nike yi. Kowane gida a littafinka yana da shafin da ake tsallakewa. Naku ma yana nan, na ɗari biyu da shida."

"Fita mani daga gida."

Zayyanu ya leƙa tsakar gida, ya ga jarkokin a jere, ya ga Sa'adiyya. Ya buɗe baki, ya fasa, ya ce, "Sannu da aiki, Hajiya," ya fita.

Haliru ya ci tuwon rana da la'asar, ya cinye, ya nemi ƙari. Ya zauna yana sake kallon kansa a waya, yana mayar da wurin jakin baya.

"Kin gani ko? Dubu biyu da ɗari uku. Ban roƙi kowa ba, da ƙafarsu suka zo. Shi kansa Alhaji, wa ya kira shi? Ilimi ne ya jawo shi." Ya suɗe yatsa. "In sun saki kuɗin furannin, fitilar nan zan saya. Wadda ta fi ta wancan girma."

"Allah Ya sa alheri, Malam."

Ta kira Hajiya Atika sau biyu daga bayan ɗaki. Wayar ta yi ta ƙara har ta gaji.

Rana ta yi sanyi lokacin da mai baro ya sauke mata jarkoki takwas a tasha. Motar Illo na nan inda ta saba tsayawa, ana ɗora albasa. Sufyan direba, wanda ya fi shekara goma yana ce mata "Hajiya kawo, kawo" tun daga nesa, yau ya tsaya duba taya. Ya duba ta gaba, ya duba ta baya. A bayan motar wasu masu lodi sun haɗa kai a kan waya ɗaya, muryar mijinta na fitowa daga ciki tana cewa, "Daga nan ya koma jaki."

"Sufyan, ina wuni."

"Lafiya lau, Hajiya." Bai bar kallon tayar ba. "Wallahi ni ɗan aike ne. Alhaji ya kira ɗazu. Ya ce daga yau kowane kaya da kuɗinsa. Ya ce shi jikan ɗan ƙwadago ne, ba ya aikin banza."

"Ai da gaskiyarsa. Nawa ne jarka?"

Ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa. Ta juya baya kaɗan, ta kwance bakin zane, ta ciro kuɗin gyaɗar da za ta saya ranar Litinin, ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu.

"Malam ya sani?"

"Malam na hutawa. Ya yi lacca yau." Ta ɗaure abin da ya rage. "Mako mai zuwa ma haka?"

"Haka, Hajiya."

"To. A sa su daga ciki, kada rana ta buge su."

Ta tsaya har aka ɗora ta takwas, sannan ta kama hanyar gida, don ba ta ɗora miyar dare ba.