Nauyin Wanda Ya Faɗi

A bayan ofishin 'yan kwana-kwana akwai wani ɗaki da aka gina don wahala kawai. A ciki an kafa bangon katako biyu, an bar siririn lungu a tsakani wanda kafaɗun ƙato ɗaya ke cikewa, a ƙarshensa kuma akwai taga da ke kai wa mutum ƙirji. A nan ake koyon aikin da kowa ke addu'ar kada ranarsa ta zo, wato fitar da abokin aiki da ya faɗi cikin gobara. Mutum ɗaya zai kwanta da cikakkun kayansa, tukunyar iska a baya, takunkumi a fuska. Wani ya shigo ta tagar cikin hayaƙi, ya ɗaga shi, ya miƙa wa na waje.

Saje ne mai horar da sababbin ma'aikata, kuma shi ne mai kwanciyar. Sauran masu horo sukan sa ɗaya daga cikin sababbi ya kwanta, shi kuwa ya hana, ga furfura ga ciwon gwiwa. Ana cewa taurin kai ne. Tsofaffin ma'aikata ne kaɗai suka san dalili, su ma ba sa tayar da zancen.

A da, Tulu ne mai kwanciya. Amininsa ne, ƙato mai cin kwano biyu, wanda ke cewa duk aikin nan ba abin da ya ƙware a kai kamar kwanciya. Saje yakan ciccibe shi ya fitar ta tagar nan cikin ƙiftawar ido, har yana bugun ƙirji a wurin cin abinci. Sai ranar gobarar wani ɗakin ajiyar kaya, da rana tsaka, rufi ya rufto wa Tulu, ya suma. Saje ya ja shi har gindin taga, ya sa hannu yadda ya saba, ya ji kamar an dasa mutumin a ƙasa. Ya ɗaga, ya sake ɗagawa, har iskarsa ta ƙare aka fizgo shi ta wuyan riga. Ƙaramar na'urar da ke kafaɗar Tulu, mai ihu idan mai ita ya daina motsi, ta yi ta ihu a ciki har wuta ta cinye ta.

Sai daga baya Saje ya gane. Duk shekarun nan Tulu yana taimaka masa ne. Yakan tokare bango da diddige, ya tsuke ciki, ya sunkuyar da kai a bakin taga. Ba da mugun nufi ba. Ɗan kwana-kwana ne, ba ya iya jin ɗan'uwansa yana nishi a kansa ya kwanta lakwas. Kirkinsa ne ya sa ba wanda ya taɓa sanin nauyinsa. Saje ya daɗe yana jin haushin mamaci, abin da ba ya iya faɗa wa kowa, kuma har yau idan famfo ya yi ƙara irin ta na'urar nan a banɗaki sai gabansa ya faɗi.

Yau ranar gwajin ƙarshe ce, kuma wanda ya rage shi ne Auta, ƙanen Tulu. Uwarsu ta yi kuka ta gaji ya ƙi wani aiki sai wannan. Ya gwada ya kasa, ya huta ya sake ya kasa. Idan ya kasa yanzu, ba shi cikin rukunin ceto, zai koma naɗe mesar ruwa da wanke mota.

"Auta, ka ci abinci kuwa?" in ji direban motarsu, wanda ke jira a wajen taga don karɓa. "Tsohon nan fa ƙashi ne zalla, amma ƙashin na ƙarfe ne."

Auta bai yi dariya ba. Ya ja igiyar takunkuminsa ya ɗaure.

Saje ya shiga ya kwanta, kai wajen taga. Aka saki hayaƙi, haske ya ɗauke. Bai son wannan ɗan lokacin, kafin mai ceto ya iso, domin a cikinsa ne yake zama Tulu. Simintin yana da sanyi, numfashinsa yana kai da komo cikin takunkumi kamar na wani. Da ya daina motsi sai na'urar kafaɗarsa ta fara kuka, a hankali, sannan ta buɗe murya.

Auta ya faɗo ta taga da kai, ya rarrafa ta kan cikin Saje, ya juya a matse. Ya tsuke masa igiyoyin goyon tukunya, ya zaunar da shi, ya shiga bayansa ya kafa ƙafafu. Komai daidai. Ya ɗaga. Saje ya ɗan tashi daga ƙasa kaɗan, ya tsaya, kafaɗarsa a ƙasa da bakin taga. Ta cikin takunkumi biyu Saje yana jin nishinsa, kuma nishin irin na gidansu ne, mai ɗan kaushi a ƙarshe. Ya ji yana cewa wani abu, ba da shi yake ba. "Yaya," yake cewa. "Yaya, tashi mana."

Sai kawai nauyi ya tafi. Kafaɗa ta haye, direba ya cafke, aka zaro Saje zuwa hasken rana. Sababbin suka yi ta tafi, suna bubbuga hular Auta da ya leƙo.

Saje ya zauna a ƙasa bai cire takunkumi ba. Diddigensa na dama yana zafi. Bai yi niyya ba, zai iya rantsewa, amma ƙafar ta sami bango ta tokare da kanta, kamar wani ne ya ara. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko a cikin wuta. Ashe haka abin yake zuwa. Haushin da ya riƙe wa Tulu ya zube nan take, ya bar shi da kewa tsagwaronta. Ba wanda ya gani. In ya yi shiru, yaron ya ci, uwarsa za ta ji daɗi yau, kuma wata rana Auta zai shiga wuta da lissafin ƙarya a hannuwansa.

Ya cire takunkumin, yana neman ta inda zai fara. Auta ya riga shi. Ya tsallako taga, ya durƙusa a gabansa, ya yi ƙasa da murya don kada sauran su ji.

"Yallaɓai, na ji ƙafarka."

Saje ya kasa haɗa ido da shi.

"Haka shi ma yake yi mini, Allah ya jiƙansa. In muna kokawa a tsakar gida sai ya faɗi da kansa." Ya share majina da bayan safar hannu. "Don Allah koma ka kwanta, Yaya. Wannan karon ka mutu da gaske."

Saje ya tashi ya ce a sake. Direba ya dubi fuskokinsu, ya koma bakin taga.

A cikin duhu Saje ya saki wuya, ya saki gwiwa, ya saki ƙafar nan kamar ba tasa ba. Auta ya ɗaga, suka zube tare. Ya ɗaga, hular Saje ta daki bango har ya ga taurari. Ƙararrawar tukunyar Auta ta fara kaɗawa, alamar iska ta kusa ƙarewa, kuma a daidai nan ne aka taɓa fizge Saje aka bar wani a baya. Auta bai saki ba. Ya cusa kafaɗa ƙarƙashin cinyoyinsa, ya yi wani gurnani marar daɗin ji, ya miƙe da shi. Bakin taga ya kankare wa Saje haƙarƙari, takunkumi ya goce ya fasa masa leɓe, direba ya kasa riƙe nauyin, suka faɗi ƙasa tim kamar buhu.

Ba wanda ya tafa. Auta ya rataye a taga yana haki, ba ya ko iya ɗaga kai. Saje ya kwanta rigingine a filin, jini a bakinsa, rana a idonsa, na'urar tana ta ihu a kafaɗarsa domin har yanzu bai motsa ba. Direba ya miƙa hannu zai kashe ta.

"Bar ta," in ji Saje, hawaye na gangara masa cikin kunne. "Bar ta ta yi kukanta a waje."