Manne a Gefen Faifai

Da baki Rilwanu ya raba Mijinyawa da kujerarsa. Su biyu ke aiki a shagon buga takardu na Haj Abdelsalam a unguwar Jadid, can ƙasar Larabawa, Mijinyawa kan kwamfuta, Rilwanu kan injin hoto. Rannan Rilwanu ya raɗa wa wani ɗan shurɗa, wato ɗan sanda, cewa iƙamar Mijinyawa, takardar izinin zamansa a ƙasar, ta mutu. Aka zo aka tafi da shi, ya sha mari har kunnensa na hagu ya daina ji sosai. Da ya fito, ya tarar da Rilwanu zaune daram a gurbinsa. Haj ya ce in yana so ya riƙa shara da dafa shayi.

Ya karɓi tsintsiya, amma fa ta ciki na ciki. Ya tsani Rilwanu, har tafiyarsa ya tsana.

Abincin shagon kaf yana kan faifai guda, babba mai laushi, wanda ke sa kwamfuta ta yi rubutun Larabci. Sabuwar kwamfutar da Haj ya sayo kuwa ƙaramin faifai kawai take ci. Dole a koma kan tsohuwar mai baki biyu, a juye babba cikin ƙarami. Haj ya tsaya a kansu yana jan carbi.

Rilwanu, da iliminsa bai wuce cikin cokali ba, ya ɗaga babban faifan, ya ga ɗan manne baƙi a gefensa.

"Ya Haj, dubi sakaci!" in ji shi. "An toshe ramin. Ai sai rami na buɗe faifai ke kulluwa, ba mai iya goge shi."

A ƙaramin faifai haka ne. A babba kuwa akasin haka ne, mannen nan shi ne kwaɗon, kuma Mijinyawa ne ya liƙa shi da hannunsa. Yana kallo Rilwanu ya sa farce ya ɓare. Mijinyawa ya ci gaba da fifita gawayin shayinsa.

Saura wanke sabon ƙaramin faifai, wato goge shi tas, kafin juyi. A sabuwar kwamfuta, bakin ƙaramin faifai shi ne A. A tsohuwar, A na babba ne. Rilwanu ya buga umarnin wankewa, ya sa A, ya danna. Jar fitila ta kama a bakin sama, na babba, babban faifai ya hau gurnani. Mijinyawa ya juyo da kunnensa mai ji don kada ya rasa ko kaɗan.

Da aka duba, faifai fes, kamar ƙwaryar da kare ya lashe.

Haj ya cakumi wuyan rigar Rilwanu, ya ja shi har titi, ya wurgo masa takalmansa. Sannan ya dawo yana huci.

"Kai kana gani, ka yi shiru?"

"Ya Haj," in ji Mijinyawa, "a shagon nan wanda ya yi magana ai mun ga abin da ya jawo. Ni shara aka ba ni."

Ya jingine tsintsiya, ya kakkaɓe kujerar, ya zauna. Sai da ya leƙa ya ga Rilwanu ya sha kwana, sannan ya cire hularsa, ya zaro wani ƙaramin faifai da ya juye babban a cikinsa tun kafin a kama shi. Ramin gefensa a buɗe yake.